Na cika rumbunmu da shadda

Assalamu alaikum, mai wannan shafi da masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kada a yi saurin zagina. Da girmana na koyi rubutu a ajin yaƙi da jahilci, sai ku yi haƙuri da ni.

Ni manomi ne a wani ƙauye kusa da Tanut. An san ni da haƙuri, ko dabba ta ci mini gero ba na kai ƙara. Amma tunda taubashina, ɗan kawuna, ya dawo daga Aljeriya na rasa sukuni. Tare aka yi mana kaciya, tare muka yi kiwo. Yanzu kowace Juma'a da sabuwar shadda yake zuwa masallaci, ana matsa masa a sahun gaba. Ni wa ya kula da ni? Rannan a gidan suna ya kama hannun rigata a gaban jama'a ya ce, "Bawana, ba wannan ka sa ranar aurena ba? Ka bar ta ta huta mana!" Aka yi dariya, ni ma na yi, tunda ba a fushi da wasan taubasai. Amma ranar tuwo bai shiga bakina ba.

Tun daga nan, duk ranar kasuwa sai in ɗebi damman gero a babban rumbunmu na bayan gari in sayar, in sayo shadda, hula, takalmi, turare. In ya sa fara, sai na nemo fara. Ina saya raina ya yi sanyi, kafin in iso gida kunya ta rufe ni. Abin takaici, ko ɗaya ban kai ɗinki ba. In na sa, in ce daga ina na samu? Cikin rumbun nake ɓoye su, don a wajenmu mace ba ta leƙa rumbun maigida.

Jiya uwar 'ya'yana ta ce, "Malam, ƙaramin rumbu ya ƙare, sai ka buɗe mana babban. Alhamdu lillahi, mu dai bana ba ruwanmu da awo." Abin da ya rage ba zai kai mu shuka ba. Kuma wallahi har yanzu wata shuɗiyar shadda da na gani a kasuwar Balbeji tana raina.

Gobe za ta tura yara da amalanke su same ni a bakin rumbu. Jama'a, me zan yi?