Hannun da Ya Zare Waya

Daga Ofishin Shugaban Kwamitin Tarihi,
Bikin Waƙa da Zane, cikar shekara goma.

Zuwa ga shahararren mawaƙi, Kanari.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka Mai Zane da 'yar jaririya. Yaya baƙunta, yaya maƙogwaro? Allah ya sa yawan hawa jirgi bai mantar da kai hanyar gida ba, amin.

Ba ka san ni ba, domin mu manya ba a cika ganinmu a waje ba. Ni aka ɗora wa fitar da littafin tarihin bikin nan, muka kuma ɗauko wata Malama daga jami'a tana rubutawa. Ga abin da ta tattara, ka duba. An fara bikin ne a garejin Baba Makanike, bayan la'asar, a kan bayan wata tsohuwar babbar mota da ko taya ɗaya ba ta da ita, an ɗora ta a kan bulo. Mutum arba'in suka zo, in an haɗa da akuya biyu. Shekara ta uku aka koma tsohon sito na bakin tasha, masu zane suka sami bangon rataye aikinsu. Ta biyar ruwan sama ya kore mu, wato ya kore ku. Yau ga shi kwana uku ake yi a babban fili, baƙi na zuwa daga ƙasashen da ko sunansu bakina ba ya iya kamawa.

Sai babi na biyu, wanda ta sa wa suna Shirun Kanari. Ka san al'adar: kowace shekara, ana tsakiyar waƙar buɗe biki, sai a kashe lasifika ƙurmus, jama'a su ɗauki amshi da bakinsu. Shafi tara Malama ta cika a kan wannan. Ta ce kai ka ƙirƙiro shi tun ranar farko, wai don ka nuna waƙa ta mutane ce, ba ta na'ura ba. Da ta karanta mana, wani dattijo har da share hawaye. Ni tari ne ya sarƙe ni.

To, kwamiti na tambaya: da gaske kai ka shirya shirun nan? Yaushe wannan zurfin tunani ya zo maka, alhali an ce mana ranar ko takalmin ƙafarka na aro ne?

Sai kuma hoton ranar farko. Ga ka a tsakiya, baki buɗe kamar ɗan tsako. A gefen hagu, ƙarƙashin mota, akwai ƙafa guda da silifa. Malama ta rubuta a ƙasanta: wani ma'aikaci. Mun bincika, ƙafar wani mai gyaran rediyo ce, ana ce masa Tartsatsi. An ce tare kuka yi makarantar allo, kuma majiya mai tushe ta tabbatar ya fi ka murya nesa ba kusa ba, ya kuma riga ka sauka da wata bakwai. Ko ka tuna shi? Ba wai yana da wani muhimmanci ba ne.

Ka aiko amsa ta shagon gyaran rediyo na bayan tasha, domin ana fenti a ofishinmu.

Huta lafiya.
Shugaba.

*

Zuwa ga Kanari.

Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya, tunda ban ji a rediyo an ce ka karye a hannun dama ba. Mako uku ke nan babu amsa. Mu shugabanni ba mu saba jira ba.

Ina sanar da kai an gano ainihin fulogin lasifikar ranar farko a cikin tarkacen Baba Makanike. An goge shi, an sa a akwatin gilashi, an shimfiɗa masa jan ƙyalle kamar ango. A jikin akwatin sunanka ne, da ruwan zinariya. Kai da ko ƙwan fitila ba ka iya canzawa sai ka kira maƙwabci!

An kuma ɗauko wani injiniya mai gilashin ido, wai bana da kwamfuta za a kashe sauti. Shi wancan Tartsatsi, da shekara tara shi ke durƙusawa ya zare waya da hannunsa idan lokaci ya yi, an ce ya huta, ya riƙa jera kujeru. Na ji an ce ya daina cin abinci sosai. Ni dai ba ruwana.

Littafi zai shiga maɗaba'a ranar Alhamis ta sama. Abin da aka buga ya bugu.

Shugaba, cikin fushi kaɗan.

*

Kanari, abokina,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan kuna lafiya kai da iyali. Takardarka ta iso shekaranjiya, na karanta ta a tsaye, na sake karanta ta a zaune, ƙarfen dalma na ta cin teburi ban sani ba sai da na ji ƙauri.

Ka ce ba kai ka shirya shirun ba. Ka ce a daidai lokacin nan baiti na biyu ya gudu daga kanka, ka buɗe baki babu komai a ciki, sai ga sauti ya ɗauke, mutane suka ɗauki amshi, kafin su gama baitin ya dawo. Ka ce da ba don tsohon janaretan Baba ya yi tari ba, da ranar ka bar waƙa har abada, kuma ka yarda a buga haka. Sannan ka roƙi Shugaba, har da ranka ya daɗe sau uku, a sa sunan Tartsatsi da manyan baƙi, wai shi ya rarrafa ƙarƙashin mota ya dawo da wuta, wai kuma ba ka da ɗan'uwa kamarsa.

Wallahi na so a ce ƙarya ka yi. Na shirya maka tsaf, ina jira ka ce kai ka ƙirƙiro, in kama ka hannu dumu-dumu. Sai ka ɓata mini shiri da gaskiya, halinka tun muna yara.

To ga tawa gaskiyar. Janareta bai yi tari ba. Lafiyarsa ƙalau, ni na wanke masa fulogi da safe. Ka tuna yadda muka tsara: kai ka fara, ni in biyo da tawa waƙar. Ka tuna Mai Zane ta yi kwana huɗu tana zana ƙyallen bayan dandamali, ni ke dama mata fenti, ni ke riƙe mata tsani. Da aka warware ƙyallen sai ga fuskarka, kai kaɗai, hanci har an rage maka. Na haɗiye. Ka fara waƙa, ina ƙarƙashin mota ina lura da wayoyi, sai na leƙo ta tsakanin ƙarafa na hango ta. Burushi ya faɗi daga hannunta, fenti na bin ƙafarta, ba ta ma sani ba, kai take kallo. Hannuna ne ya tafi da kansa. Na zare.

So na yi a yi maka dariya, ko ta minti ɗaya ce. Sai na ji mutum arba'in sun zama kamar dubu, har Baba Makanike da muryarsa ta tsohuwar salansar mota. Na mayar da waya da sauri, amma aikin gama ya gama. Suka sa ka maimaita sau huɗu, aka kira magariba, aka watse. Ni ko makirfo ban taɓa ba. Da hannuna na cinye lokacina.

Shekara ta zagayo aka ce wa zai riƙa kashe sautin, kowa ya ce Tartsatsi, shi ya san wayoyi. Ka ga hukuncin Allah? Shekara tara ina maimaita laifina a gaban jama'a, ana tafa maka. Malaminmu ya sha faɗa mana hassada ga mai rabo taki ce. Ban san ni ne buhun takin ba sai da na girma.

Ba zan ce na warke ba. Har yanzu in muryarka ta fito a rediyon da nake gyara, nakan ce wa mai shi lasifikar ce ta lalace. Amma jiya na je wurin Malama na zayyana mata komai, na ba ta takardarka. Ta cire gilashi, ta dubi shafinta tara, ta dube ni, na ɗauka jifana za ta yi da littafin. Sai ta fashe da dariya har da riƙe ciki. Ta ce wannan ya fi nata daɗi, kuma haka za a buga. A ƙarƙashin ƙafar nan yanzu an rubuta: Tartsatsi, wanda ya zare waya. Na shiga tarihi, Kanari, amma ta ƙofar baya, kuma da silifa.

Shi ya sa na ce gara ka ji daga bakina kafin Alhamis. In ka yafe, ka zo da wuri mu ci abinci a shago kamar da. In ba ka yafe ba, ina cikin masu jera kujeru, taka zan sa a rana.

Ka gaida Mai Zane, yayata ce yanzu, Allah ya sani. Na ga abin da ta ƙara da jan biro a ƙasan takardarka, wai a gaida Shugaba, a ce masa takardunsa na warin dalma. Ka ce mata ta canka daidai. Takardar ofis ɗin na ɗauko ta ne ranar da na je gyara musu fanka, hatimin kuma gindin kofin shayi ne. Shugaba na gaskiya bai ma san kana da adireshi ba.

Waƙata tana nan, baiti shida. Ni ban manta ko ɗaya ba.

Naka, mai ƙafar gefen hagu,
Tartsatsi.