Hannun Huseina a Kan Inna

Gwandu, watan Safar, 1956

Zuwa ga Yayana Abdulgani a Kumasi,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyalinka. Mu nan sai godiya. Gero ya yi kyau bana, ɗana Adamu kuma ya fara tafiya.

Yaya, zancen Inna ne. Ka san ciwon kai da na baya da ke hana ta barci. Shekara da shekaru ni ke dafa mata ruwa, ni ke daka saiwoyi, ni ke danna mata baya har hannuwana su sage. To, ƙanenmu Lukuman ya kawo amaryarsa Huseina daga Kalgo ta gai da Inna. Yarinyar ta roƙi a bar ta ta gwada tausa irin wadda kakarta ta koya mata. Ta shafa man kaɗanya, ta tallabe ƙeyar Inna, tana bin ƙashin baya da yatsu a hankali kamar mai tsoron tada jariri. Na yi dariya a raina. Kafin la'asar Inna na minshari.

Yanzu tana sunkuyawa ta yi alwala da kanta. Na yi murna, Allah ya sani, amma ko ruwa za ta sha sai ta kira Huseina. A gaban baƙi ta ce hannuna na sussuka ne. Ranar da zazzaɓi ya kama ta, Huseina ta ƙi taɓa ta, ta ce ba a tausa kan zazzaɓi ko sabon rauni, ba a kuma murɗa wuya, sai a kai ta asibiti. Na zaci Inna za ta yi fushi. Ina! Ƙin ma sai da ta yaba.

Na danne zuciyata na ce Huseina ta koya mini. Ta ce sai na fara ji a jikina. Na kwanta ina hararar ta, ban farka ba sai da tuwona ya ƙone. Wannan ya fi komai ɓata mini rai.

Jiya Inna ta ce in an gama kaka za ta bi su Kalgo ta zauna. Na yi niyyar roƙon ka ka hana, don maganarka take ji. Amma da safe na hango ta tana share tsakar gida tana 'yar waƙa. Kada ka hana ta, Yaya. Sai dai in ka rubuto, ka tambaye ta ina Halima, ko ta tuna ta haife ni.

Ka gai da Hauwa'u da Lami da Yusufu ƙarami. Allah ya tsare mana kai a baƙuwar ƙasa.

Ni ce ƙanwarka,
Halima