Takardar Fasto da rijiyar da na sa a haƙa

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, ni dattijo ne na haura saba'in, karatuna bai wuce firamare ba, kuma kwana uku kawai suka rage mini.

Lokacin ina da ƙarfina na yi aiki a wajen wani Fasto mutumin Kudu, yana koyarwa a makarantar aikin gona, ran Lahadi kuma yana jan mutanensa ibada. An ara masa gona a ƙauyenmu ta ɓangaren Wurno, yana gwada irin dawa da gyaɗa. Mutum ne mai rubutu, ranar shuka, ranar da ruwa ya sauka, har wa'azinsa, komai sai ya sa a takarda. Bai taɓa shiga addinina ba, in azahar ta yi shi ke cewa Malam, ajiye fartanya ka je ka yi salla.

Da ciwo ya ci ƙarfinsa zai koma gida, ya ba ni akwatin ƙarfe cike da takardu, ya ce amana ce, in makaranta ta turo wani malami in damƙa masa, ya maimaita sau biyu. Ba a turo kowa ba, ni kuma idona na kan gonar. Na buɗe akwatin na zaɓi wata takarda mai zanen gonar da sa hannunsa a ƙasa, na kai wa mai unguwa na ce ga shaida Fasto ya bar mini. Masu gonar na asali suka yi gardama, amma Turanci ne da rubutun hannu, cikinmu babu mai iya karantawa. Mai unguwa ya juya ta, ya ga zane ya ga sa hannu, ya ce magana ta ƙare, ya miƙo mini ita na mayar akwati. Ni kaina ban san abin da ke cikinta ba, na dai san ba kyauta ba ce. Yau shekara talatin da ɗoriya, gidajen 'ya'yana maza biyu a kan filin suke.

Bana maiɗakina ta rasu, na yi niyyar haƙa wa unguwa rijiya sadaka gare ta, a kusurwar gabas kusa da wata tsohuwar kuka. Liman ya sanar a masallaci, aka yi ta sa mini albarka.

Ana cikin aikin sai ga ɗan Fasto da furfurarsa, ya ce mahaifinsa ya rasu, yana tattara takardunsa za a adana a ɗakin karatu na cocinsu. Na dube shi na ce gara ta cinye su tuntuni. Ya yi godiya, ya bar mini lambarsa ya tafi. Tun daga ranar abinci ya daina shiga, na kira 'yata da ke koyarwa a Gwaram na ba ta takardar nan. Ta karanta ta ce, Baba, ina kukar take a zanen nan? Na nuna mata. Ta ce Fasto ya rubuta ya binne duro biyu na maganin ƙwari da ya lalace, ga alamar wurin, kada a haƙa rijiya a nan ko kusa, a sanar da hukuma. Na je na auna da ƙafata, taku goma sha ɗaya ne tsakanin alamar da bakin ramin.

Sai abubuwa suka fara haɗuwa a kaina. Mai haƙar ya sha cewa, Baba, ramin nan warin maganin feshi yake, in na fito kaina kamar ya tsage. Akuyar maƙwabcina ta lashi laka a wurin ta mutu, aka ce leda ta ci. Ramin ya kai gaba shida, ƙasa ta yi danshi, ruwa na kusa.

Na tsayar da aikin da sunan siminti bai iso ba. Da babban ɗana ya ji gaskiyar maganar sai ya ce a ƙona takardar, a ce an ci karo da dutse a cike ramin, in ba haka ba 'ya'yan masu gonar suna nan da ransu, za su tashe mu da iyalanmu. Ƙanwarsa, wadda ta karanta takardar, ta ce masa 'ya'yanka ne za su fara sha, suka yi ta sa-in-sa har ya ce kar ta ƙara taka gidansa. Ta ce mini in ban je wurin mai unguwa kafin Juma'a ba ita za ta je. Maganar dutse ma ba za ta ɓulle ba, mai haƙar ya san babu dutse, kuma jiya bayan la'asar liman ya ce tunda abin ya yi mini nauyi, matasa za su yi gayya ran Asabar su ƙarasa.

Jama'a, in na kai takardar, ita ce dai wadda na yi ƙarya da ita, kunyar a kaina take amma gidajen na 'ya'yana ne da suka gina ba su san komai ba. Akwai hanyar da zan hana rijiyar ba tare da na raba su da matsuguni ba? In fara zuwa wurin mai unguwa, ko masu gonar, ko in kira ɗan Fasto in ce gara ba ta ci komai ba? Ku faɗa mini gaskiya ko da zafi, kafin wani ya sake shiga ramin nan.