Bindigarmu a Ƙarƙashin Tutar Maroko

Doha, ranar Laraba

Kaka,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Inna da Yaya Badaru. Yaya ƙafar taka? Mu nan lafiya lau. Makaranta ma ba laifi. Har yanzu ni kaɗai nake cin abincina, amma na saba, kada ka gaya wa Inna.

Jiya aka kai ajinmu wani gidan ajiye tsofaffin makaman yaƙi. Kowace bindiga an rataye ta ƙarƙashin tutar ƙasarta. Sai na ga wata doguwa ƙarƙashin tutar Maroko, an zura mata fatar wutsiyar bijimi, babu ɗinki ko ɗaya, sak irin ta kakanka da ke bayan ƙofarka.

Kaka, ni da ban taɓa ɗaga hannu a aji ba, sai na ce wa dattijon da ke kula da wurin, "Wannan tamu ce." 'Yan ajin suka kwashe da dariya. Ya tambaye ni yadda na sani. Na faɗa masa abin da ka koya min, cewa ɗanya ake zura fatar, in ta bushe ta kame. Ya sa tabarau ya daɗe yana dubawa. Ya ce in kawo hujja ranar Lahadi.

Don Allah Yaya Badaru ya ɗauki hoton taka ya turo wa Baba. Ka kuma faɗa min launin tutar da kakanka ya bi zuwa yaƙi. Kada ka ce ka manta, tsoho! Ta Marokon dai, a gabana dattijon ya sauke ta, ya bar ƙusar ba komai.

Allah ya ƙara maka lafiya.

Jikarka,
Sauda