Hannun Irene Bai Kai Kunne Ba

Kafanchan, Oktoba 1991

Zuwa ga 'yata Afiniki,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Nicholas da jikata Irene. Ni ma ina nan yadda kika bar ni.

Tun da kika ɗauke Irene gidan nan ya yi mini faɗi. Tun daga yaye take hannunmu, kuma bayan rasuwar mamanki ita ce mai tashe ni da safe. Ban hana ki 'yarki ba. Amma na ji kin sa ta makarantar nazare a can Mararaban Rido, in an tashi kuma a zaunar da ita lesin har yamma, wai don ta ci jarrabawar shiga firamare baɗi. Afiniki, yarinyar nan ko shekara huɗu ba ta cika ba.

Na koyar da 'yan aji ɗaya tun kafin a haife ki. Na san takardar malantata yanzu ba ta da amfani sai a naɗe ƙosai da ita. Duk wanda ya sami gareji da benci biyu ya zama mai makaranta, mu da aka horar kuwa mun koma gadin kaji. Amma yatsun yaro ba su canja ba. A nan Irene tana tsince mini wake, tana ɓare gyaɗa, tana zane da gawayi a bangon kicin. In jirgin kaya ya ga dama ya wuce, sai mu tsaya ta ƙirga taragu. Kullum tana tsallake bakwai, ban taɓa gyara mata ba. Shirin makaranta ke nan. Fensir zai zo da ƙafarsa.

Ki gaya mata ban goge zanenta ba.

Ni ne babanki,
Yakubu

Kafanchan, Janairu 1992

'Yata Afiniki,

Barka da sabuwar shekara. Ina fata kun isa gida lafiya, gajiyar Kirsimeti kuma ta bi jiki.

Akwai abin da ban faɗa ba a gaban baƙi. Da Nicholas ya tsayar da Irene ta jero jihohi da manyan biranensu, kowa ya tafa, ni ma na tafa. Ba ta yi kuskure ko ɗaya ba, ba ta kuma ɗaga ido daga ƙasa ba. Washegari na miƙa mata gawayi. Ta karɓa, ta tsaya a gaban bango, ta tambaye ni me ake so ta zana, kuma in ta ɓata za a ja mata jan biro ne. Wannan ce yarinyar da ta taɓa zana ni da ƙafa biyar, ta ce saboda yawan yawona ne.

Shi ya sa na yi mata awon da muke yi wa yara ranar ɗaukar sababbi. Kin san shi: yaro ya ɗora hannun dama bisa kai, ya taɓa kunnen hagu. In ya taɓa, ya isa shiga aji. In bai taɓa ba, ya koma wasa sai baɗi. Kin gani da idonki, hannunta bai kai ba. Mijinki ya yi dariya, ya ce Baba har yanzu yana zamanin mishan. Gaskiyarsa. Amma awon nan ya bar wa yara da yawa ƙuruciyarsu, daga cikinsu har da ke.

Roƙona ɗaya ne. Ku bar mini ita shekara guda. Zan mayar muku da ita tana son littafi, ba tana tsoronsa ba. Ban saba roƙo ba, ke ma kin sani.

Allah ya kiyaye ku.

Babanki,
Yakubu

Kafanchan, Maris 1992

'Yata Afiniki,

Ina gaishe ki da kyau, tare da fatan kowa lafiya. Wasiƙarki ta iso ni.

Na ji amsarku. Ba za ta zo ba, an riga an rubuta sunanta. To, ku ne iyayenta.

Sauran abin da kika rubuta shi ne ya tsaya mini a rai. Kin ce tun da kuka koma kina samunta a bayan ƙofa, hannu bisa kai, tana jan wuya tana miƙa yatsu har ta yi kuka. Kin ce ta gaya wa malamarta cewa ta faɗi jarrabawar Kaka, shi ya sa Kaka bai riƙe ta ba. Dā in hannun yaro bai kai ba, da gudu yake fita yana murna, don an sake shi. Ban yi tunanin an riga an koya wa tawa cewa duk abin da babba ya ce ta yi, jarrabawa ce ba. Masu makarantar nan sun shiga tsakanina da ita har a nan.

Na janye maganar shekara guda. Ki turo mini ita hutun Ista kawai, ko na kwana kaɗan ne. Ba zan tambaye ta komai ba, ko sunanta.

Kafin nan ki zaunar da ita a cinyarki, ki gaya mata wannan yadda na rubuta. Yau da safe Kaka ya gwada da kansa. Kafaɗa ta ƙi, hannunsa ya tsaya a tsakiyar kai. Shi ma bai isa shiga makaranta ba, kuma ba shi da abokin wasa.

Ki gai da Nicholas.

Ni ne babanki,
Yakubu