Saƙon Ikilima Zuwa Marsiliya

Sharafiyya, Jidda.

Zuwa ga ƙanwata Sadiyya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, da maigidanki Yahya da yara. Yaya Madina, yaya kuma ciwon gwiwar? Mu nan lafiya lau, sai gumi.

Na ji bizarku ta fito, za ku Marsiliya hutu. To ki buɗe kunne, don bazara huɗu na yi a Marsiliyar lokacin da nake dafa wa gidan kafilina, wato ubangidana na nan Jidda, abinci. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba, kuma ko kin yi furfura, a wurina yarinya ce ke.

Duk shagon da kika shiga, ki fara cewa bonjur, gaisuwarsu ke nan, kafin ki tambayi komai. In kika faɗa musu da yalla-yalla, gaggawar nan irin ta Jidda, za su dube ki kamar kin zubar musu da miya. Abincin rana kuma kada ya wuce ƙarfe biyu, don yawancin gidajen abinci rufewa suke sai bakwai. Lahadi shaguna da yawa ba sa buɗewa. Ruwan famfo ana sha, ki daina kinkimar kwalabe.

Jakarki a gaba, musamman cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa, kuma ki ɗora tikitinki a na'ura duk lokacin da kika shiga. Ki bar niƙabi a gida, dokarsu ta hana, amma mayafi ba mai ce miki uffan. Kiran salla da wuya ki ji shi, sai ki dogara da wayarki, kuma kada ki tsorata in tara ta yi rana ba ta faɗi ba. Dutsen da ake hango teku daga kansa, ki hau bas. Da gwiwar nan taki, in kika ce da ƙafa, Yahya ne zai goyo ki.

Turaren wuta kuwa, na roƙe ki kada ki kunna a otal. Ni na kunna, ƙararrawar gobara ta tashi, aka fito da mutanen bene guda kan titi. Har yau in na tuna fuskar uwargidan kafilina sai na rufe ido. Kilishi ma kada ki ɗauka, ba a shiga musu da nama.

Saura magana ɗaya. Daga tsohuwar tashar jiragen ruwa, in kika miƙe babban titi, akwai kasuwar da suke kira Nowayi. Can yaron nan yake, ɗana na fari, a shagon kayan ƙamshi na wani Batunisiye. Shekara tara ke nan yana kiran ƙanwarsa Haifa a waya, yana kiran kowa, ban da ni. Ban san laifina ba, kuma abin yana cina. Na ba direban da zai zo Madina kwalbar yaji, ki kai masa. Kada ki ce ina kewarsa. Ki dai dube shi da kyau, ki faɗa mini ko ya rame.

Allah Ya kai ku lafiya.

Yayarki,
Ikilima.

Sharafiyya, Jidda.

Ƙanwata Sadiyya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da gajiyar hanya, ke da Yahya. Ina fatan iskar garin ba ta sa miki mura ba. Wannan da hannu na rubuta, na ɗauki hotonta na turo miki, don in na kira ki ba zan iya faɗin abin da ke ciki ba.

Na saurari saƙonki sau uku. Na ji daɗi da kika ce yaron nan ya yi ƙiba, ya rufe shago ya zagaya da ku gari. Kin ga ai ban yi ƙarya kan maganar bonjur ba. Amma abin da ya gaya miki ya tsaya mini a ƙirji.

Wai tunda ya zo duniya bai taɓa jin sunansa a bakina ba. Wai a layinmu kowace mace da sunan ɗanta na fari ake kiranta, Ummu Turki, Ummu Bilal, amma ni na sa maƙwabta suna ce mini Ummu Haifa, har yara a makaranta suka riƙa tambayarsa ko ɗan riƙo ne.

Da farko haushi na ji. Ke shaida ce, innarmu har ta koma ga Allah a Mai Wurno ba ta taɓa kiran sunana ba, kuma ban taɓa shakkar tana sona ba. Kunyar ɗan fari ce, da ita muka tashi. Sai da na huce na gane cewa ni a cikin Hausawa na girma, inda kowa ya san ma'anar shirun. Shi kuwa a Jidda na haife shi, cikin yaran da iyayensu ke rungume su a bakin makaranta suna ce musu habibi, wato masoyina. Ban taɓa zaunar da shi na yi masa bayani ba, don bayanin ma kunya ne. Ni ina ganin girmama shi nake, ashe shi ƙi yake gani. Na yi kuka, Sadiyya, ba zan ɓoye miki ba.

Halas, magana ta ƙare. Kin san ni, in na ga hanya ba na tsayawa. Kafin ku taso ki koma shagon, da safe, kafin kasuwa ta cika. Kada ki ba shi haƙuri a madadina, kada ki ƙara gishiri. Ki nuna masa ƙarshen wannan takarda kawai, sannan ki kira ni ki miƙa masa wayar. Tun jiya nake gwada faɗin sunan a kicin ni kaɗai, harshena yana nauyi, amma ya fara fita. In ya karɓa, zai ji da kunnensa. In bai karɓa ba, ya dai gani da idonsa.

Ki gaida Yahya da kyau. Allah Ya dawo da ku lafiya.

Yayarki,
Ikilima, Ummu Abduljalil.