Ragowar makin Rahina

Zuwa ga Yaya Bashiru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ƙane ga wansa, ina fata kana cikin rahamar Ubangiji. Hajiya tana nan Djougou, ƙafar ce dai take damunta. Ni ina Parakou, a ɗakin nan na unguwar Ladjifarani da ka bar mini. Shekara huɗu ke nan da rasuwarka, kuma yau maganar 'yarka Rahina ce ta kawo ni, wadda ka damƙa mini amanarta.

Kai ka koya mini rubuta manhaja. Ka tuna ranar da ka same ni ina ta fama, kowane ɗan lissafi sai na rubuta masa layukansa da hannuna? Ka ture ni gefe, ka nuna mini yaren Python ya zo da nasa a shirye. Tarawa, ɗebewa, ninkawa, rabawa, kowace alama tana da aikinta mai suna, kiransa kawai za ka yi ka miƙa masa lambobi. Ka ce kakanninmu fataken goro ba su tsayawa saƙar kwando a hanya. Abin ya yi mini daɗi, ka dai san ni da son jiki.

Abin da ban tsaya na ji ba shi ne rabawa iri biyu ce. Akwai truediv mai ba da amsa da ragowarta, akwai floordiv mai zubar da ragowar. Na tabbata ka faɗa. Hankalina yana kan cukun wagashi da matarka take soyawa a tsakar gida.

Bayan rasuwarka kolejin su Rahina suka ba ni aikin sakamakon ƙarshen shekara. Ka san al'adar. A tara maki a raba, mai goma cikin ashirin ya wuce. Mai tara da rabi zuwa sama, malamai su zauna a kansa, yawanci su yi masa afuwa. Ƙasa da haka a maimaita aji, wanda kuma ya taɓa maimaitawa a sallame shi. Rahina ta riga ta maimaita shekarar da ka yi jinya.

Na sa manhajar ta fitar da sunaye kashi uku, ban sa ta nuna makin ba. Kashi na tsakiya, na 'yan afuwa, ya fito babu mutum ko ɗaya. Ya kamata gabana ya faɗi a nan. Ina! Dirakta ya yi murna don zaman malamai ya ƙare kafin azahar, ni kuma har da hura hanci.

Sunan Rahina yana cikin waɗanda aka sallama. Na yi mata faɗa, Yaya. Na ce ta ba ka kunya kana kabari. 

Watan jiya na buɗe tsohon fayil ɗin don wani aiki, idona ya faɗa kan kalmar floordiv. Na sauya ta da truediv, na sake kunnawa. Tara da ɗigo takwas Rahina ta samu. Manhajata ta yanke shi ya koma tara, kamar mai awo da ya share bakin mudu ya wuce gona da iri. Kuma ba ita kaɗai ba ce, akwai wani yaro ɗan garin Pélébina da na ji ya koma kiwo.

Na je kolejin. Sabon dirakta ya saurare ni da mutunci, ya ce shekara uku ta wuce, shekarunta ma sun haura na ajin. Bakin alƙalami ya bushe.

Yanzu tana rumfar atamfa ta mahaifiyarta a kasuwar Arzèkè. Ta iya ciniki, ba laifi. Amma na sha jin tana gaya wa masu saye, tana dariya, wai ita boko ta ƙi ta, kanta ba ya ja. Wannan dariyar tana ci mini rai fiye da kuka. Sau uku na hau zem, babur ɗin haya, na je da niyyar faɗa mata, sau uku na dawo da yadin da ba na buƙata.

Ba ni da abin da zan mayar mata, Yaya. Na duba ta ko'ina, babu. Ko ta yafe, shekarun ba za su dawo ba, kuma ban ga dalilin da zai sa ta yafe ba.

Duk abin da na sa a shafin nan nawa na intanet tana karantawa, sau da yawa ita ce ta farko. Ni matsoraci ne, shi ya sa nake gaya maka a gabanta. In na je gobe ta ƙi amsa gaisuwata, ta yi daidai.

Allah Ya haskaka kabarinka, Ya sa can ta fi nan. Allah Ya buɗa wa Rahina wata ƙofar da hannuna ba zai kai gare ta ba. Amin.

Ƙanenka da ya ci amana,
Nasiru